Hayaƙin Banda a Bakin Gubi

Litinin, 13 ga Yuni

Ƙarfe bakwai da kwata na safe. Ina tsakar gidanmu a Wunti ina wanke kofunan shayi, rediyon Baba na kan taga. Ana hira a kan farin da ake ciki, tunda aka yi shuka ruwa ya ɗauke. Sai na ji muryar Dokta Hammajoda.

Na rubuta abin da ya faɗa tun hannuna bai bushe ba, don kar in ƙara masa ko in rage. Cewa ya yi: "Bincikenmu ya tabbatar hayaƙin masu bandar kifi a bakin dam ɗin Gubi yana korar hadari."

Ya tabbatar, wai.

Ba abin da ya tabbata. Ni na kafa na'urorin, ni ke zuwa ɗauko abin da suka auna, ni na rubuta rahoton. Abin da na sa shi ne "mai yiwuwa", kuma ba a kan banda na sa shi ba, a kan hayaƙin gari ne baki ɗaya.

Baba ya ce, "Maimuna, wannan ba oganki ba ne? Ashe kun gano mai laifi." Na ce eh, shi ne.

Wannan mutum shi ya koyar da ni a aji uku na jami'a. Da ya bar koyarwa ya buɗe 'yar cibiyarsa ta binciken yanayi a Gwallameji, ina gama karatu bara ya ɗauke ni. Shi ne mai cewa, "Abin da ba ku auna ba, kar bakinku ya taɓa shi." Na rubuta wannan a bangon ɗakina da biro. Yana nan har yanzu.

Talata, 14 ga Yuni

Na sami Dokta a ofis yana amsa waya. Na jira a tsaye. Duk abin da na tsara a cikin keke ya gudu.

Bari in fara rubuta abin da na sani, ko zuciyata ta kwanta.

Tururin ruwa ba ya zama ɗigo a sama sai ya sami abin kamawa: ƙwayar gishiri, ko ta toka, ko ta hayaƙi. Ba su, ba gajimare. Amma in suka yi yawa, ruwan sai ya rarrabu a kansu, kamar tuwo kwano ɗaya da baƙi suka yi yawa, kowa ya sami loma. Ɗigon ya zama ƙanana, ba su da nauyin faɗowa da wuri. Daga nan hanya biyu ce. Ko gajimaren ya bushe ya watse, ko iska ta ɗaga ƙananan ɗigon sama can inda suke daskarewa, hadarin ya ƙara tsawo da ƙarfi, ya zo da tsawa da ruwa fiye da da. Wanne zai faru a Bauchi? Ba mu sani ba. Dalilin aikin ke nan.

Na'ura biyu masu kama da akwati na kafa a Gubi. Ɗaya a kan tankin ruwa a bisa tudu, nesa da gidaje, don iskar da ke hawa sama. Ɗaya a katangar Mama Liatu, shugabar matan da ke banda, dab da gangunan da take banda a kai. Ta biyun don in san abin da matan ke shaƙa ne. Ba ruwanta da gajimare. Ita Dokta ya ɗauka ya kai rediyo.

Na faɗa masa haka. Muryata na rawa, abin haushi.

Ya ce, "Maimunatu, zauna." Ban zauna ba. Ya ce shekara da shekaru yana faɗin hayaƙin nan na cin huhun matan, ba wanda ya ɗaga kai. Jiya ya ce ruwa, yau waya ta ƙi hutawa. Akwai masu son kawo murhun zamani marar hayaƙi, amma sai sun ji abin ya zama magana. "Wa zai saurari mai yiwuwa? Ban yi ƙarya ba. Gajartawa na yi."

Na ce yaushe murhun zai zo? Ya ce baɗi in Allah ya yarda.

Baɗi.

Laraba, 15 ga Yuni

Ba gajimare ko ɗaya. Na kasa cin abincin rana.

Alhamis, 16 ga Yuni

Na je Gubi. A hanya masara ta yi yaushi, ganyen ya naɗe kamar tabarma.

Na yi ta addu'a Mama Liatu ba ta ji ba. Ta ji. Kowa ya ji. Amma dariya ta yi da ta gan ni. "Ga 'yar akwati! Ashe ni ce na riƙe ruwan Bauchi? Da na sani da na sayar wa manoma a robobi."

Matta, maƙwabciyarta, ta ce, "Ki saki kaɗan mana, gyaɗata na mutuwa."

Suna dariya, suna juya tarwaɗa a kan raga, idanu jawur. Mama Liatu ta zaɓo mai zafi ta sa min a takarda da yaji, kamar kullum. Tun watan Fabrairu haka take yi. Ita ke rufe na'urar da buhu in yara sun fara jifa. Ranar da na fara zuwa na roƙe ta wurin kafawa, tambaya ɗaya ta yi min: abin nan zai jawo min magana? Na ce a'a. A lokacin na iya cewa a'a.

Kafin in tafi ta rage murya. Mai unguwa ya kira taro ranar Asabar. Manoma sun kai ƙara. Ta ce, "Ki zo ki gaya musu, 'yata. Ke ce mai akwatin."

Na ce zan zo.

Asabar, 18 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

A gindin mangwaron ƙofar mai unguwa aka yi. Maza a tabarmi, mata a tsaye daga gefe. An yi roƙon ruwa jiya bayan Juma'a, masu coci ma sun yi nasu, ba abin da ya sauka, don haka kowa a wuya yake. Dokta bai zo ba. Na kira shi, wai yana da baƙi.

Mai unguwa mutum ne mai haƙuri, ban ga laifinsa ba. Ya ce, "Malama, mu ba mu yi boko ba. Ke kika auna. Hayaƙi na hana ruwa ko ba ya hanawa? Eh ko a'a."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya danganta."

Wani daga baya ya ce, "To, za ta yi mana Turanci da Hausa." Aka yi dariya. Na fara bayanin ɗigo, da tuwo, da baƙi. Na kai kan daskarewa wani tsoho ya ce, "Ƙanƙara kuma? A wannan zafin?"

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Bari in sauƙaƙa miki. Zai iya hanawa?"

Ga abin da ya kamata in ce: gangunan nan goma sha wani abu ba su isa su taɓa hadarin da ya fi garin Bauchi faɗi ba. A'a. Shi ke nan.

Ga abin da na ce: "A wasu ƙasashe an ga hayaƙi mai yawa zai iya jinkirta ruwa, amma..."

Ba wanda ya ji amma. "Ta ce zai iya!" Wuri ya kaure. Aka yanke a kashe wutar banda har sai an ga hali.

Abin da na faɗa gaskiya ne, kalma bayan kalma. Na sake dubawa a takardu da na dawo. Gaskiya ne.

Mama Liatu ta gyara ɗankwalinta ta wuce.

Lahadi, 19 ga Yuni

Na yini a kwance, Umma ta ce ko zazzaɓi ne. Na ce eh.

Da a ce Dokta ya zo. Da ya zo ya tsaya a kan maganarsa da bakinsa. Ya kunna wuta ya turo ni da bokiti marar gindi.

Talata, 21 ga Yuni

An yi ruwa.

Bayan la'asar ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ma'aunin ofis ya nuna milimita arba'in da ɗaya. Yara na tsalle a kwata, Baba na ta hamdala. Ni ma na yi hamdala, wallahi na yi, manoma sun tsira.

Amma kwana uku da kashe wuta. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Yanzu wa zai ƙara saurarona?



Laraba, 22 ga Yuni

Na je tudu na ɗauko abin da na'urar tanki ta auna. Kafin a kashe wuta da bayan an kashe, kusan ɗaya ne. Bambancin bai wuce kuskuren na'urar ba. Ma'ana iskar da ke hawa sama ba ta ma san an daina banda ba. Hayaƙin da ke cikinta na motoci ne, da bola, da murhun dubban gidaje, da abin da iska ta kwaso daga nesa.

Na kai wa Dokta. Ya duba sosai, ya gane, na ga ya gane. Ya ce, "Aiki mai kyau. Ajiye shi, zai yi amfani a babban rahoto."

Na ce a koma rediyo a gyara. Ya ce in ya janye yanzu, masu murhu za su janye. "Ki yi haƙuri, wata nawa ne?"

Da yamma na ji shi a rediyo kuma. Bai ce ya tabbata ba wannan karon. Cewa ya yi, "Jama'a dai sun gani da idonsu." Ya iya taka tsantsan in ya ga dama.

Juma'a, 24 ga Yuni

Na sami na'urata a ƙofar gidan Mama Liatu, cikin buhun da take rufe ta da shi, an ɗaure bakin da kyau. Ko a haka ba ta bari ruwa ya taɓa ta ba.

Unguwar shiru. Ba hayaƙi, ba ƙanshi, sai ƙarni da ƙudaje. Kifi ba ya jira. In ba a banda shi a ranar ba, sai a sayar ɗanye yadda mai saye ya ga dama, ko a zubar. Masu saye da ke zuwa da kular ƙanƙara daga gari sun gane, suna tsayawa sai rana ta yi tsaka sannan su taya. Matta ta zubar da kwando guda na karfasa shekaranjiya.

An ce dokar ta zama har a girbe. Wata huɗu ke nan.

Mama Liatu ta fito ta same ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi min. Ta ce in abin ya kai ƙarshen wata mai kamawa za ta kwashe jikokinta ta koma ƙauyensu a Bogoro. Shekara ashirin da wani abu a bakin ruwan nan.

Na ce, "Mama, ni ban ce ku ne ba."

Ta ce, "Ba ki ce mu ne ba. Ba ki ce ba mu ba ne." Sannan ta ce, "Wancan na rediyo ban san shi ba, bai taɓa cin kifina ba."

Na ɗauko buhun. A keke mai tuƙi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi min.

Lahadi, 26 ga Yuni

Na rubuta bayani shafi biyu da Hausa mai sauƙi don mai unguwa. Na karanta wa Umma. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, yana hanawa ko ba ya hanawa?"

Na yaga.

An ƙara ruwa jiya. Kowane ɗigo shaida ne a kansu.

Talata, 28 ga Yuni

Yero ya kira, ɗan ajinmu da ke koyarwa a Gombe. Muna cikin magana ya ce bari ya kwashe shanya, hadari ya taso. Na kalli agogo, ɗabi'a ce kawai. Bayan kamar awa uku iska ta fara kaɗa labulenmu.

Na san wannan tun aji uku. Manyan haduran damina daga gabas suke tasowa su yi yamma a jere, kamar garke. Abin da ya jiƙa Gombe da azahar yakan iso wajenmu da la'asar. Ba kullum ba. Wasu na mutuwa a hanya, wasu su kauce kudu. Amma in hoton tauraron ɗan Adam ya nuna layin da tsawo da kauri, yawanci yana isowa.

Wani tunani ya zo min. Ba na son sa.

Laraba, 29 ga Yuni

Gwaji ɗaya ba ya tabbatar da komai. Wannan shi ne darasin farko. Ruwan ranar Talatar nan bai nuna banda na hana ruwa ba, haka ruwan wata rana ba zai nuna ba ta hanawa ba. Kuma wanda ya zaɓi ranar gwaji bayan ya leƙa amsa, ba gwaji ya yi ba.

Na san duk wannan.

Alhamis, 30 ga Yuni

Mama Liatu na fara samu, don wuyanta ne a ciki, ba nawa ba. Na ce zan roƙi mai unguwa ya ba da yini ɗaya a hura duk gangunan a gaban kowa. In ruwa ya sauka a kan hayaƙin, a ɗage doka.

Ta ce, "In bai sauka ba fa?"

Na ce sai abin ya fi haka muni.

Ta ce, "Wannan karon zai sauka, eh ne ko a'a? Kar ki kawo min tuwo da baƙi."

Na ce eh. Bakina ya faɗa kafin kaina ya gama lissafi.

Ta ce ita ba ta hura wutar banza, sai da kifi a kai. Za ta ajiye tarwaɗa da rai a baho, suna kai kwanaki in ana sauya ruwa.

Mai unguwa ya yarda da wuri, ina jin shi ma abin ya dame shi, matan gidansa na cikin masu saye. Ya ce wace rana? Na ce zan faɗa in na shirya na'urorina. Ya ce to. Bai tambayi me zan shirya ba.

Ba abin da zan shirya. Na'urorin a shirye suke.

Juma'a, 1 ga Yuli

Gombe rana tsal. Yero ya ce me ya sa na damu da shanyarsa haka. Ban gaya masa ba.

Asabar, 2 ga Yuli

Yero ya kira bayan azahar, ina jin rufin kwano na ƙara a bayansa. Na duba hoto a waya: layi mai tsawo, daga arewa har kudu. Na kira Matta na ce su gaya wa mai unguwa yau ne, su hura. Na ɗauki keke shata.

Da na isa sama fes take, ko gajimaren rantsuwa babu. Ganguna duk suna ci, sun zuba garin katako mai danshi, hayaƙi ya turnuƙe har ba a ganin ruwan dam. Manoma sun taru a gefe. Wani ya ce, "Yau kam ko tsuntsu ba zai bi ta nan ba, balle hadari."

Aka yi la'asar. Ba komai. Na duba waya a ɓoye cikin mayafi, netwok ya ɗauke. Na fara lissafa ta yadda layin zai iya karyewa a kan duwatsu. Na zauna a kan turmi. Mama Liatu na juya kifinta, ko gabas ba ta kalla.

Tsohon nan mai maganar ƙanƙara ya ce, "Malama, ko yau ma ya danganta?"

Sai hayaƙin ya tsaya cak. Sannan ya kwanta ya yi yamma. Iska mai sanyi ta bugi bayana. Da na juya gabas ta yi baƙi tun daga ƙasa.

Ban auna ruwan ba. Na manta. Mata na ihu suna jan ragar kifi zuwa rumfa, Matta na rawa da faranti a ka, tana cewa, "Ku ƙara itace, ruwan bai isa ba!" Mai unguwa ya fake a zaure, rigarsa sharkaf, ya kira ni. Ya ce, "Malama, me za mu ce yanzu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kun gani da idonku. Ba ya hanawa."

Da ƙarfi na faɗa. Muryata ba ta yi rawa ba.

An ɗage doka.

Lahadi, 3 ga Yuli

Da safe saƙo ya shigo daga Dokta. Labari ya kai masa. Layi biyu ne: "Daga Gombe aka kira ki? Kin koyi aiki."

Ban amsa ba. Ba abu ɗaya muka yi ba. Shi ya ɗora wa mutane abin da ba nasu ba, ni na sauke. Kuma amsar da na ba su ita ce daidai, na'urar tanki ta nuna. Hanyar ce kawai.

Ba abu ɗaya ba ne.

Bayan sun taso daga coci na mayar da buhun. Mama Liatu ta nuna katanga da haɓa, ta ci gaba da aikinta. Na kafa. Ta sa min kifi a takarda, ba yaji, wai ya ƙare. Tana tari sosai, jiya sun sha hayaƙi fiye da kullum, kuma ni na sa. Da zan tafi ta ce, "Wayar nan taki da kike ɓoyewa a mayafi, a gaishe min da ita." Ba ta yi dariya ba.

Na jingina katifa a bangon ɗakina, ta rufe rubutun biron nan. Ɗakin ya fi faɗi haka.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu:

Ko hayaƙin garin Bauchi na rage mana ruwa, ko ƙara wa hadari ƙarfi yake yi, ko duka biyun a ranaku daban.

Milimita nawa aka yi jiya.

Me ke cikin ƙirjin Mama Liatu, da ko murhun nan zai zo yanzu da na kashe maganar.

Abin da za a yi in aka sake fari a Agusta, wuta na ci.

Ko zan je ofis gobe.

Abin da zan ce da layin ya karye a hanya.

Me ya sa muryata ba ta yi rawa ba.